Kawu da Sifana Mai Lamba Goma

Wanda ya fi kowa kuka ranar da muka kai Kawu makwancinsa shi ne mai facin bakin layinmu na Tudun Wada, mutumin da ya yi shekaru yana gaya wa duk mai saurare cewa Kawu ya kashe masa kasuwa. Muna dawowa daga maƙabarta ya zauna a gefen tabarma ya rufe fuska da hula. Da aka yi ta ba shi haƙuri, sai ya ɗago ya ce, "Tun da tsohon ga yad dawo unguwag ga, ƙusa guda ba ta taɓa kwana bisa hanya ba. To yanzu wa za shi tsince su?" Mutane suka yi dariya da hawaye a idonsu, har liman sai da ya sunkuyar da kai.

A cikin gida mata suna ta lissafa abin da hannunsa ya taɓa: keken ɗinkin wance, injin markaɗen wance, fankar da ta shekara uku ba ta juya ba. 'Yan kabu-kabu sun jera baburansu a gindin dogon yaro, wasunsu sai a ranar suka ji cewa tsohon da ke tsayar da su ya duba musu birki soja ne. Wani maƙwabci ya shafa addu'a, ya ce Allah ya jiƙan sojan da bai taɓa harba ko harsashi ɗaya ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ni maganar ta soke ni, don na taɓa faɗin irinta da mugun nufi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina sakandare, a shekarar da mahaifina ya rasu, wadda ita ce kuma shekarar da ya ajiye aikin sojan sama ya dawo gida. Shi ya yi mini aure, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Ina zaune a kan tabarmar makoki ina amsa gaisuwa, amma hankalina yana cikin aljihun motata, inda sifanar Kawu mai lamba goma ta shekara biyu a kwance. Na ɗauke ta ne ranar da na gaya masa maganar da ba a gaya wa wanda ya riƙe ka. Ban mayar da ita ba, ban nemi gafara ba, ya kuma rasu ban san ko ya yafe mini ba.

Makanikin jiragen yaƙi ne, a wata runduna ta ko-ta-kwana. Abin da na sani game da ita daga bakinsa na ji, yawanci bayan la'asar, yana wanke hannu da kananzir. Ya ce an kafa ta ne lokacin da aka kawo sababbin jirage, aka rasa yadda za a yi da tsofaffin, tun da ba su mutu ba. Sai aka ware su a wani sansani mai nisa da gari, aka haɗa su da matuƙa da makanikai, wasu ma waɗanda suka riga suka bar aiki suke dawowa atisaye lokaci-lokaci. Aikinsu ɗaya ne: idan waɗanda ke gaba suka gaza, ko abu ya fi ƙarfinsu, a buga ƙararrawa a same su a shirye. Ya ce da safe a tayar da inji, a saurara, a kashe. A kwance abin da aka ɗaure jiya a duba, a sake ɗaurewa. Matuƙa su tashi su zaga sama su sauko, a goge jirgi a rufe shi. Haka shekara da shekaru, jirage suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, ana cire kayan wannan ana raya wancan, har ranar da takarda ta zo aka ce an rufe rundunar, kowa ya kama gabansa.

Na taɓa tambayarsa, ina saurayi mai jin kai, ko bai gaji da jiran abin da bai zo ba. Ya dube ni ya ce ai rashin zuwansa shi ne abin da suke roƙo kullum. Ya ce ranar da aka kira su, to wasu 'ya'yan mutane sun riga sun faɗi a gaba. Ban gane ba a lokacin. Ni a ganina soja sai da labarin wuta, kuma abokaina da iyayensu suka yi aikin ƙasa suna da abin ba da labari, ni kuwa Kawuna sai labarin man inji.

Tsintar ƙusa daga can ya zo da ita. A sansaninsu, kafin jirgi ya motsa da safe, sai kowa da kowa, babba da ƙarami, su jera kafaɗa da kafaɗa su taka titin jirgi daga wannan baki zuwa wancan, ido a ƙasa, suna tsince tsakuwa da ƙusa da guntun waya. Ya ce injin jirgin yaƙi zuƙar iska yake yi da ƙarfin da zai ɗauke tsakuwa daga ƙasa, kuma tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta isa ta kashe mutum a sama. Da ya dawo Sakkwato ƙafarsa ta ƙi mantawa. Daga masallacin asuba ba ya shiga gida sai ya taka layinmu har bakin kwalta ya dawo, hannu ɗaya a baya, ɗayan riƙe da gwangwanin madara. Da farko mutane sun ɗauka taɓin hankali ne, har wata tsohuwa ta kawo wa Inna, matarsa, rubutu a asirce. Daga baya aka saba. Idan gwangwani ya cika sai ya kai wa mai faci ya ajiye a gabansa ya ce ga abincinsa nan na mako ya kawo masa. Mai faci ya yi ta kumfar baki, sannan ya aika a sayo musu shayi.

Sai kuma kabad ɗinsa. A zaure yake, jikin bango, na katako, mai ƙofa biyu da kwaɗo. A ciki ya kafa ƙusoshi ya rataye kayan aikinsa, kowane ya zana siffarsa da jan fenti a bayansa, yadda idan ka cire filaya sai ka ga jar filaya tana kallonka. Kullum gab da magariba yakan tsaya ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Idan ya gama sai ya ce, "Sun cika. Kowa shi tahi gida." Sannan ya danna kwaɗo ya saka makulli a aljihu ya tafi alwala. Ko shi kaɗai ne a zauren sai ya faɗa. Inna takan amsa daga tsakar gida ta ce to, mun gode ranka shi daɗe, mu dai dama muna gida.

Wannan ma dokar sansani ce. A can ba mai tashi daga aiki, ba kuma jirgin da zai tashi, sai an ga kowane ƙarfe ya koma gurbinsa, don wanda ba a gani ba wataƙila yana cikin cikin jirgi. Kuma a nan ne labarin da unguwa ta fi sani game da Kawu ya samo asali, shi da kansa yake ba da shi yana dariya. Sau ɗaya tak a duk zamansa aka buga musu ƙararrawar gaske. Jirage uku aka ce su tashi. Biyu suka fita, na uku shi ne na Kawu, matuƙi ya riga ya shiga ya ɗaure. Kawu ya waiwaya ya ga gurbin sifana ɗaya babu kowa. Aka miƙo masa takardar da zai sa hannu cewa jirgi lafiya lau, ya mayar da hannunsa baya. Babbansu ya zo ya yi tsawa, ya yi barazana, Kawu ya ƙi. Aka sauko da matuƙi, aka shiga buɗe jirgi ana haska fitila lungu-lungu. Sai bayan azahar aka ga sifanar, a aljihun rigar aikin Kawu da ya cire da safe saboda mai ya zube mata, tana rataye a ƙusa. Kafin nan biyun da suka tafi sun dawo, ba a ma buƙace su ba, tun suna hanya aka ce su juyo.

An hukunta shi, an kuma yi masa waƙar tsiya a sansani har ya bar aiki. Amma idan ya kawo ƙarshen labarin yakan share hawayen dariya ya ce laifin mantuwa nasa ne, ya karɓa, ya sha horo a kai. Sa hannu kuwa, ko yau aka sake, ba zai sa ba. "Ban san inda take ba," in ji shi. "In sa hannu bisa abin da ban sani ba?"

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na gyara shi don ya mutu. Yana da taurin kai da zai sa ka ciji yatsa. Tafiyar da za a yi da hantsi sai ya mai da ita ta azahar saboda dube-dube. Bai iya yabo ba. Idan ka yi abu daidai sai ya ce ba laifi, idan ka yi kuskure kuwa sai ya sa ka maimaita a gabansa har sau uku. Ya taɓa mayar da ni gida da ƙafa daga bakin ƙofar makaranta don na ɗaura igiyar takalmi ɗaya na bar ɗaya. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin baki, abin da ya zo shi nake saki. Inna takan ce zamanmu gida ɗaya ikon Allah ne kawai.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Za mu ɗaurin auren ɗan shugabana na wurin aiki a Birnin Kebbi, na taso daga gidana na Arkilla na biyo in ɗauki Kawu, don ina so a ga na zo da dattijo. Na makara, kan batir kuma yana ta motsi, mota tana mutuwa. Na shiga zaure na tarar da kabad a buɗe, na zari lamba goma na ɗaure. Ina rufe gaban mota na ga Kawu ya fito cikin babbar riga, ya fara zaga motar hannu a baya. Ya tsuguna a tayar baya ta hagu, ya shafa gefenta, ya nuna mini tsaga. Ya ce shi ba zai shiga ba, ni ma kada in hau babbar hanya da ita cikin wannan zafi. Na ce sauri nake yi. Ya ce a canza, minti nawa ne. Mutanen da ke zaune a dakali suka fara murmushi, wani ya ce yau ma jirgi ba zai tashi ba.

Dariyar nan ce ta hau mini kai. Na ce masa, a gaban kowa, shi fa bai san komai ba sai hana tafiya. Na ce shekara nawa ya yi yana gadin jiragen da ba su je ko'ina ba, rana ɗaya da aka neme shi ya tsayar da jirgi saboda ƙarfen da ke cikin aljihunsa. Na ce wane yaƙi ya taɓa yi da zai koya mini tsoro.

Dakali ya yi tsit. Kawu ya ɗauke hannunsa daga tayar. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar rigarsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya shiga gida. Na ja mota da sifana a aljihuna. Na je Birnin Kebbi na dawo lafiya lau, taya ba ta ko yi tari ba, wannan ya ƙara mini girman kai na kwana biyu. A mako na gaba na je na canza ta a ɓoye, ban gaya wa kowa ba.

Ba mu yi gaba ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Na ci gaba da zuwa gaisuwa duk Juma'a, yana amsawa, yana tambayar yara, muna cin tuwon Inna a kwano ɗaya. Amma ban ƙara tsayawa a zaure ba, da sauri nake wucewa ido a ƙasa. Sau da yawa nakan buɗe aljihun mota a ƙofar gida in ɗauko sifanar in riƙe, sai in tuna cewa kabad a kulle yake, sai na nemi makulli a hannunsa, idan kuwa na nema sai maganar ta tashi. Sai in mayar in ce Juma'a mai zuwa. Matata ta yi mini magana har ta gaji. Shi kuma bai taɓa tambaya ba, wannan shirun ya fi mini duka ciwo. Da safiyar wata Talata ya dawo daga tsintar ƙusarsa, ya zauna a dakali ya ce wa Inna ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin in iso daga Arkilla, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, an riga an rufe shi da mayafi.

Ranar sadakar uku wata mota ta tsaya, aka fito da wani dattijo dogo mai sanda, wanda ba mu sani ba. Ya yi addu'a, ya ci gumba kaɗan, sannan ya tambaya wane ne babba a 'ya'yan gidan. Aka nuna ni. Ya ce daga Kaduna ya taso, shi ne matuƙin da aka sauko da shi daga jirgi a ranar nan. Ya ce ya yi shekara guda ba ya amsa gaisuwar Kawu, don a ganinsa ya hana shi rana ɗaya tilo da zai nuna abin da ya koya. Bayan haka kuma, in ji shi, sai ya lura da wani abu a kansa: idan ya ɗauki takardar jirgi ya ga ba sa hannun Kawu ba ne, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya. Har ya bar aiki yana neman dalilin da zai sa a ba shi jirgin da Kawu ya duba.

"Mutumin da bai ji tsoron babbanmu ba, bai ji kunyar a yi masa dariya ba," in ji shi, "idan ya ce maka lafiya, to lafiya ce. Mu da muka zauna a wurin nan ba mu da labarin da za mu ba jikoki. Amma muna da jikokin."

Ya nemi a nuna masa kayan aikin Kawu, ya ce ya san ba zai rasa kabad ba. Dole na tashi na kai shi zaure, karo na farko cikin shekara biyu da na tsaya a gabansa. Ƙofar a saye take, kwaɗo yana rataye a buɗe. Na ja. Komai yana wurinsa, an goge, yana ƙyalli, sai jar sifana guda a layi na biyu, ba komai a kanta. Dattijon ya daɗe yana kallon gurbin, ya dube ni. Ya dafa kafaɗata ya fita.

Da yamma, da mutane suka ragu, na shiga wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, carbi a hannu. Na durƙusa na ce mata ina da magana, lamba goma tana wurina. Ta ce ta sani, duk gidan nan wa bai sani ba. Na ce ina so ta gaya mini tsakani da Allah ko ya tafi da fushina. Sai ta yi 'yar dariya, irin wadda take yi idan na faɗi abin wauta tun ina yaro.

"Hushi? Juma'ad da kaz zo bayan abin ga, kana cikin ɗaki shina waje shina zagayen motakka. Yash shigo yac ce mani, ya sake taya. Yaron ga ya ji magana, bakinai na kawai ba shi da birki."

Na tambaye ta to me ya sa bai sayi wata ba, sifanar da ake samu a kowace rumfa, ya bar gurbin yana kallon kowa. Ta ce ita ma ta tambaye shi. Ya ce ba ta ɓata ba, ya san inda take, tana Arkilla. Ta ce kullum da magariba yana ƙirgarsa kamar yadda ya saba, idan ya zo wurin sai ya taɓa fentin ya wuce, amma tun ranar bai sake cewa kowa ya tafi gida ba, bai kuma sake danna kwaɗon ba. Ta yi masa faɗa, ta ce zaure ne, kowa na shiga, za a kwashe masa kaya.

"Yac ce a bar shi buɗe," in ji Inna. "Yac ce kana da kunya ko da ba ka da birki. In kaz zo maida ita, kada sai ka nemi makulli wurinai."

Shekara biyu ina wuce ƙofar nan da gudu ina cewa a kulle take, ban taɓa ɗaga ido na duba ba. Na yi kuka a gaban Inna, kuka mai sauti, amma ba irin na ranar Talata ba ne. Wani nauyi ne ya sauka. Ta bar ni na gama, sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin ta ajiye a tafin hannuna, ta ce in tashi magariba ta kusa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa mantuwarsa da taurin kansa, ya sa jiran da ya yi a duniya ya zame masa hutu. Ya ba Inna haƙuri, da mai faci, wanda na ji an ce an gan shi jiya da asuba da gwangwanin madara yana waige-waige kada a gan shi.

Na je mota na ɗauko ta. Ta ɗan yi tsatsa a baki ɗaya, na nemi tsumma da kananzir na goge yadda yake yi. Na rataye ta, ta rufe jan fentin daidai. Na bi su da yatsa tun daga sama, filaya, guduma, sukudireba, har ƙasa. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Ba kowa a zauren sai ni, amma na faɗa da ƙarfi yadda za a ji.

"Sun cika. Kowa shi tahi gida."

Daga tsakar gida Inna ta ce, "To, mun gode." Na danna kwaɗon.